Darasin Lafiya: Ƙwannafi da Shirin Zuwa Wurin Babban Likita

Ƙwannafi ciwo ne da kowa ya sani. Da wuya a zauna taron ƙungiya ba a sami wanda yake dafe ƙirji bayan ya ci abinci ba. Wani ya ce kamar an zuba masa garwashi a ƙahon zuci. Wani ya ce ruwa mai tsami ne yake taso masa har baki da tsakar dare, ya tashe shi daga barci. Yawancinmu mukan jiƙa kanwa mu sha, ko mu kurɓi nono, mu koma bakin aiki. Sau da yawa abin yakan tsaya nan. Amma akwai lokacin da wani ciwo mai kisa yake ɓuya a bayan ƙwannafi. Akwai kuma lokacin da ɗan'uwa zai sayar da akuya ko buhun masara ya tafi birni wurin babban likita, ya komo ba a yi masa kome ba, domin bai tafi da shiri ba. Waɗannan abubuwa biyu ne suka sa muka rubuta wannan darasi. Muna roƙo a karanta shi a taro, a hankali, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji.

Inda ciwon yake fitowa

Sa'anda muka haɗiye loma, takan bi wata hanya daga maƙogwaro, ta ratsa ƙirji, ta sauka cikin tumbi. Tsawon wannan hanya wajen inci 10 ne ga babban mutum. A cikin tumbi akwai ruwan tsami mai ƙarfi ƙwarai, wanda likitoci suke kira asid. Aikinsa narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta da suka shigo tare da shi. Shi tumbi ba ya jin zafin wannan ruwa, gama cikinsa a shafe yake da yauƙi kamar na kuɓewa. Hanyar abinci kuwa ba ta da irin wannan kariya.

A daidai wurin da hanyar ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai tsuke bakin, kamar yadda zariya take tsuke bakin wando. Tana buɗewa abinci ya wuce, sa'an nan ta rufe. Idan ta yi sako-sako, ko kuwa tana buɗewa lokacin da bai kamata ba, sai ruwan tsami ya hau sama ya ƙona hanyar abinci. Wannan ƙuna ita ce ƙwannafi. Wani lokaci ruwan yakan kai har maƙogwaro. Sai mutum ya wayi gari muryarsa ta dishe, ko ya riƙa busasshen tari da dare, ko ya ji kamar wani abu ya tokare masa a wuya.

Abu uku ne sukan taimaki ruwan ya hau: tumbi ya cika fam, jiki ya kwanta ko ya sunkuya, da kuma matsi a kan ciki. Yanzu mu duba yadda yinin manomi yake da damina. Ya ci ɗumame da safe har ya ƙoshi, nan da nan ya ɗauki fartanya ya sunkuya a kunya. Da rana ba ya cin abin kirki. Da dare ya komo da yunwa, a ajiye masa tuwo malmala biyu ko uku da miya mai yaji da man ja, ya cinye, gajiya ta kwantar da shi a tabarma tun ba a kwashe kwanuka ba. Ga cikar tumbi, ga sunkuyo, ga kwanciya. Mata kuma suna da nasu: shara da wanke-wanke a sunkuye, da zane ko ɗamara da aka ɗaure tamau a kan ciki. Teɓa tana matsa tumbi haka nan, juna biyu ma haka. Taba, ko ta sha ko ta shaƙa ko ta sa wa a baki, da giya ko burukutu, duka suna sassauta wannan tsoka.

Abin da za mu iya yi a gida

Babban magani na fari ba a saye yake ba. A bar tazarar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. Mun san wannan yana da wuya a gidan da ba a sauke tukunya sai bayan duhu ya yi. Amma ana iya juya abin: a ci babban abinci da rana ko da la'asar, a ci kaɗan da dare. Da safe kuma a raba ɗumame biyu, a ci rabi, a tafi da rabi gona a ci da hantsi. Bayan cin abinci a fara da aikin tsaye tukuna, kamar zagaya gona ko wasa fartanya, kafin a sunkuya.

Na biyu, a ɗaga wajen kan gado da inci 6 zuwa 8. A sa bulo ko guntun katako a ƙarƙashin ƙafafun gado biyu na wajen kai, domin jiki duka ya gangara tun daga kafaɗa. Mai kwana a tabarma ko a gadon ƙasa yana iya cika wajen kai da yumɓu ya yi gangare. Tara matasai a ƙarƙashin kai ba ya yin wannan aiki, gama yana lanƙwasa mutum a tsakiya ya ƙara matsa ciki. Kwanciya a gefen hagu kuma ta fi ta gefen dama, saboda yadda tumbi yake zaune a cikin jiki. Mai teɓa ya rage ta, mai taba ya bari. Waɗannan su ne abubuwan da aka gwada aka ga amfaninsu.

Zancen abinci yana bukatar hankali. Abubuwan da suka fi tayar wa mutane da ƙwannafi su ne abinci mai maiƙo, kamar ƙosai da soyayyen nama da miyar da mai ya yi mata yawa, sai barkono da yaji, ɗanyar albasa, tumatir, lemun tsami, kunun tsamiya, lemun kwalba, kofi, shayi mai kauri, da goro. Amma ba kowa ne duka waɗannan suke damunsa ba. Mukan ga mutum an hana shi kome da kome, ya koma shan koko kaɗai, ya rame, ya kasa riƙe garma. Wannan ba daidai ba ne. Hanyar da ta fi ita ce a bar abu ɗaya har mako 2. In an ji sauƙi, to an kama ɓarawon. In ba a ji ba, a komo da shi cikin abinci a gwada barin wani.

Magunguna

Nono ko madara yana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, sa'an nan tumbi ya sake zubo ruwan tsami domin narkar da shi. Kanwa da hodar soda suna kashe tsamin nan take, shi ya sa mutane suke son su. Amma suna tara iska a ciki, mutum ya yi ta gyatsa, kowace gyatsa kuwa tana buɗe bakin tumbi. Sa'an nan kanwa 'yar'uwar gishiri ce. Ga mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mace mai juna biyu, shanta kullum haɗari ne.

Magungunan asibiti iri uku ne. Iri na fari shi ne farin ruwan nan mai kama da alli da ake bayarwa a ƙaramin asibiti, da ƙwayoyin taunawa irin su Gelusil. Suna kashe tsamin da ya riga ya zubo. Aikinsu da sauri ne, amma ba ya daɗewa. Gaviscon kuma yana yin kumfa a saman abin da ke cikin tumbi, ya tare ruwan kada ya hau. Waɗannan sun isa ga wanda ciwon yake zuwar masa jefi-jefi. Sai dai suna hana waɗansu magunguna shiga jiki, kamar ƙwayar ƙarin jini da tetarasaikilin da sifurofuloksasin. Kada a sha su tare, a bar aƙalla awa 2 a tsakani. Mai shan maganin ƙanjamau ko na tarin tibi ya tambayi asibitinsa tukuna.

Iri na biyu yana rage yawan ruwan tsamin da tumbi yake yi. Na farkonsu shi ne simetidin, wanda ya fito a Ingila a 1976. Kafin zuwansa mutane da yawa masu gyambon ciki sai an yi masu aiki da wuƙa. Famotidin ɗan gidansu ne. Akwai kuma ranitidin, wanda hukumomin magani na Amurka da Turai suka sa a janye daga kasuwa a 2020, domin an sami wani sinadari a cikinsa da ake tsoron yana kawo ciwon daji. In kun ga tsohon kwalinsa a gida ko a tiren mai talla, kada ku sha.

Iri na uku shi ne mafi ƙarfi, wato omefirazol da 'yan'uwansa. Wani kamfani na ƙasar Suwidin ne ya fitar da shi a 1988, yanzu kuwa yana ko'ina. Mutane da yawa suna cewa bai yi masu aiki ba, alhali kuwa ba su sha shi daidai ba. Ana haɗiye ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 da safe, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a karya kumallo, kowace rana ba fashi. Ba a tauna shi. Ba maganin sha-yanzu-ji-sauƙi-yanzu ba ne, yakan ɗauki kwana biyu zuwa huɗu kafin ƙarfinsa ya cika. Wanda ya saya da kansa kada ya wuce kwana 14 ba tare da ganin ma'aikacin lafiya ba. Likita yakan ba da shi mako 4 zuwa 8. Akwai waɗanda dole su daɗe a kansa, amma wannan shawara ta likita ce, gama shansa shekara da shekaru yana iya rage waɗansu abubuwan gina jiki, ya kuma ɓoye alamun wani ciwo. Kowane magani za a saya, a duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace.

Maganin ciwon jiki

A nan muke so mu dakata, gama wannan ya shafi manoma fiye da kowa. Wanda ya yini yana huɗa yakan komo da ciwon baya da na gaɓoɓi. Ranar kasuwa sai ya tsaya wurin mai tiren magani, a haɗa masa ja da fari da rawaya a ƙulle a leda, ya watsa a baki, wani lokaci ma ciki babu kome. A cikin irin wannan haɗi akan sami asfirin, ibufurofen, dikulofenak, ko Feldene, wani lokaci biyu ko uku tare. Hodar Alabukun ma asfirin ce da sinadarin da ke cikin kofi. Duka waɗannan suna rage yauƙin nan da yake kare tumbi. Sai ruwan tsami ya fara cin tumbin kansa, gyambo ya fito, wata rana ya ɓalle da jini ko ya huda ciki. Dattawa sun fi shiga wannan haɗari.

Mai ƙwannafi ko gyambon ciki ya bar waɗannan. In jiki yana ciwo, farasitamol ya fi sauƙi ga tumbi, muddin ba a wuce yadda aka rubuta ba. Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya ko shanyewar jiki kada ya bari da kansa, ya koma ya faɗa. Haka nan waɗansu magungunan hawan jini suna sassauta bakin tumbi, amma ba a barinsu, sai dai likita ya canza. Kowace ƙwaya kuma a haɗiye ta da cikakken moɗa na ruwa, a zaune ko a tsaye, ba a kwance ba. Ƙwayar da ta maƙale a hanyar abinci tana iya ƙona wurin.

Ƙwannafi dabam, gyambon ciki dabam

Mun saba kiran kowane zafin ciki da sunan olsa. Amma ƙwannafi ƙuna ce a hanyar abinci, gyambon ciki kuwa rauni ne a tumbi ko a farkon hanji. Mutum yana iya samun ɗaya, yana iya samun duka biyu. Da can ana tsammani yunwa da yawan tunani ne suke kawo gyambon ciki. A 1982 waɗansu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta take zama a tumbi. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, Marshall ya shanye ƙwayar da kansa a 1984, cikinsa kuwa ya kamu. A 2005 aka ba su lambar Nobel. Wannan ƙwaya tana da yawa a ƙasashenmu, akan ɗauke ta tun ana yara, yawancin masu ita kuwa ba ta damunsu. Amma ga mai gyambo, kashe ta shi ne warkewa ta gaskiya. Ana gane ta ta gwajin bayan gida ko na numfashi. Maganinta haɗi ne na omefirazol da magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu ko uku, yawanci har kwana 14.

Alamun da ba a jira da su

Idan mutum yana aman jini, ko amai baƙi kamar garin gawayi a ruwa, ko bayan gidansa ya zama baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, a kai shi asibiti a ranar. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, amma in akwai jiri da kasala kada a tsaya ana gardama. Haka nan in ciki ya ɗauki ciwo farat ɗaya ya yi tauri kamar katako.

Akwai ciwon ƙirji da yake kama da ƙwannafi amma na zuciya ne. Mutum yakan ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, sau da yawa sa'anda yake aiki ko hawan tudu, ciwon ya bi hannu ko muƙamuƙi, gumi ya karyo, numfashi ya yi wuya. Wannan ba na kanwa ba ne, a nemi mota. Mace mai juna biyu yawanci ƙwannafinta yakan wuce bayan haihuwa. Amma in cikin ya tsufa ta ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari tare da ciwon kai, da kumburin fuska, ko ganin dishi-dishi, a auna jininta a ranar, gama jijjiga tana iya biyo baya.

Waɗansu alamu kuma ba su da gaggawar yini ɗaya, amma su ne suke kai mutum wurin babban likita cikin 'yan kwanaki: abinci yana tsayawa a ƙirji, da fari nama, daga baya tuwo, daga baya har kunu, haɗiya da zafi, rama ba dalili, amai da ya ƙi tsayawa, ƙarancin jini, ƙullutu a ciki, ko kuwa ciwon ya fara wa mutum sabo bayan ya haura shekara 50. Haka kuma wanda ya sha omefirazol daidai har mako 8 bai ji sauƙi ba. Tari da ya wuce mako 2 kada a ce ƙwannafi ne kawai, a gwada majina saboda tibi.

Ga maganar da muke so kowa ya riƙe. Mai ƙwannafi kawai yana iya jira sai an yi girbi kuɗi sun shigo. Mai ɗaya daga cikin alamun nan ba ya jiran kaka. Ciwon daji na hanyar abinci ko na tumbi ba ya tsayawa domin dawa ba ta nuna ba.

Shirin tafiya

Likitocin da suka ƙware a ciwon ciki da hanta suna manyan asibitocin koyarwa, kamar na Jos, Zariya, Kano, Maiduguri, Sakkwato, Bauci da Gwambe. Ba kowace rana suke ganin masu irin wannan ciwo ba, kowane sashe yana da ranarsa. Layin kuma yana da tsawo, lokacin da likita zai ba mutum ɗaya kaɗan ne. Domin haka shirin yana farawa tun daga ƙauye.

A fara karɓar takardar turawa daga ƙaramin asibiti ko babban asibitin da ke kusa. Ba tare da ita ba, mai yiwuwa ne a tura mutum layin kowa da kowa, yini ɗaya ya tafi a banza. A roƙi ma'aikacin da ya rubuta ta ya taimaka a buga waya, ko a aiki ɗan gari da ke zaune a birnin ya tambayo: wace rana ce, ƙarfe nawa ake buɗe kati, nawa ne kuɗin ganin likita da na gwaji, a zo da azumi ko a ci abinci. A tambaya kuma ko a dakatar da omefirazol. Wannan tambaya tana da muhimmanci, gama maganin yana ɓoye Helikobakta. Domin gwajin ya faɗi gaskiya akan bar omefirazol mako 2, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa mako 4. Wanda bai san wannan ba zai biya kuɗin gwaji ya sami amsar ƙarya, ko a ce ya koma ya sake zuwa. Amma mai zubar jini ko mai tsananin ciwo kada ya bar magani sai an ce masa.

Sa'an nan a sami littafin rubutu na 'yan makaranta. Mako 2 kafin tafiya a riƙa rubuta abin da aka ci, da lokacin da ciwon ya taso, da abin da ya kwantar da shi, da ko ya tashi mutum daga barci. Wanda bai iya rubutu ba, ɗansa ko magatakardan ƙungiya ya rubuta masa. A shafin farko a sa lokacin da ciwon ya fara. In ba a tuna wata ba, a ce tun shukar bara, ko tun kakar bariya, likita zai gane. Sikelin da ƙungiya take auna hatsi da shi yana auna mutum. A hau shi sau ɗaya a mako a rubuta, gama "na rame" magana ce, amma kilo 62 da ya koma 57 shaida ce. A rubuta sauran cututtukan da ake da su, kamar hawan jini ko ciwon suga ko ciwon hanta, da aikin wuƙa da aka taɓa yi, da maganin da jiki ba ya so, da ko wani a dangi ya taɓa yin ciwon dajin ciki.

Duk maganin da ake sha a zuba a jaka ɗaya a tafi da shi da kwalinsa, har da haɗin kasuwa, da jiƙo, da sassaƙe, da kanwa. Cewa "wata ƙwaya ce fara 'yar ƙarama" ba ya taimakon kowa. Tsofaffin katuna da takardun gwaji da hotuna su ma a haɗa.

A faɗa wa likita gaskiya a kan taba da burukutu. Mun san a cikinmu abin kunya ne. Amma likita ba dattijon ikkilisiya ba ne, ba zai kai ƙarar kowa ba, kuma in aka ɓoye masa zai yi ta neman ciwon inda ba ya nan.

Kada a tafi shi kaɗai. A tafi da mutum mai natsuwa wanda ya iya karatu, ya riƙe littafin ya rubuta abin da aka faɗa. In likita ba ya jin Hausa, a roƙi a kira mai fassara, kada a riƙa gyaɗa kai a kan abin da ba a gane ba. In mace ce marar lafiya, maigida ya bar ta ta faɗi ciwonta da bakinta, gama ita take jinsa. Kuɗi kuma a lissafa na mota zuwa da komowa na mutum biyu, da na kati, da gwaji, da magani, da abinci, da kwana ɗaya ko biyu. Mai katin inshorar lafiya ya tafi da shi. A biya a wurin karɓar kuɗi na asibiti kaɗai, a karɓi rasit.

A gaban likita a fara da abin da ya fi tsanani. In abinci yana tsayawa a ƙirji, wannan ce maganar fari, ba ciwon gwiwa ba. Kafin a tashi a tambaya: mene ne sunan ciwon, a rubuta mana shi. Maganin nan kwana nawa za a sha, kafin abinci ko bayansa? A cikin jakar nan wanne za a bari? In wannan ya yi tsada, akwai irinsa mai sauƙin kuɗi? Wace alama ce in an gani za a komo da sauri? Yaushe za a komo, ko kuwa asibitin kusa da gida yana iya ci gaba da dubawa? Tambaya ba rashin kunya ba ce, likitan kirki yana jin daɗinta.

In an ce za a leƙa ciki

Wannan gwaji ana kiransa endoskofi. Mutane suna jin tsoronsa fiye da yadda ya kamata. Ba yanka ake yi ba. Wata roba ce mai laushi, kaurinta kamar ƙaramin yatsa, da fitila da kyamara a bakinta. Ana zura ta ta baki, likita ya ga hanyar abinci da tumbi da farkon hanji a allo. Ba ta bi ta hanyar numfashi, domin haka mutum yana numfashinsa. Aikin yakan ɗauki minti 10 zuwa 15. Akan fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci a ƙara da allurar da take sa gyangyaɗi. Wanda aka yi wa allurar ba ya tuƙa mota ko babur sai washegari, shi ya sa ɗan rakiya ya zama tilas.

Dole tumbi ya zama wofi, wato ba a cin kome awa 6 zuwa 8 kafin gwajin. Ko koko aka sha, sai a ɗaga ranar. Mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun ranar da ake ba su lokaci, domin a gaya masu yadda za su yi da maganinsu. Ba lalle ne a yi gwajin a ranar farko ba, sau da yawa akan ba da wata rana. Mai zuwa daga nesa ya faɗi haka, a roƙa a haɗa masa gwaje-gwajen kusa da juna.

Likita yana iya tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero domin a duba. Ba a jin zafinsa, kuma ba ya nufin an ga daji. Sakamakonsa yakan ɗauki kwanaki ko makonni, a tambayi yadda za a karɓa. Fiye da rabin masu ƙwannafi in an leƙa ba a ganin rauni. Kada a ce an yi asarar kuɗi, gama yanzu an san babu gyambo babu daji. Ga waɗansu akan ga hanyar abinci ta yi ja, ko ta tsuke saboda tabon ƙuna, ana kuwa iya buɗe ta. Ga kaɗan akan ga fatar wurin ta sake kama, sai a ce su riƙa komowa ana dubawa. Kaɗan ne ƙwarai ake yi wa aikin ɗinke bakin tumbi.

Bayan an komo gida

A shanye magani har ƙarshe, musamman na Helikobakta. Yana da ɗaci, yana iya kawo tashin zuciya ko ɗan zawo, amma wanda ya bari a kwana na biyar ya koya wa ƙwayar jure magani, na biyu kuwa zai fi tsada. Akan sake gwaji bayan aƙalla mako 4 da gamawa, domin a tabbatar ta mutu. Wanda ya daɗe a kan omefirazol in ya bari farat ɗaya, ƙwannafi yakan komo da ƙarfi na ɗan lokaci. A tambayi yadda za a rage shi sannu a hankali. A kai wa ma'aikacin ƙaramin asibiti takardar da babban likita ya rubuta ya gani, sa'an nan a ajiye ta da littafin a cikin gwangwani mai murfi saboda gara.

Ƙungiya tana da nata aiki a nan. Yawancin masu jinkirin tafiya ba taurin kai ne yake riƙe su ba, tunanin kuɗin mota ne da gonar da za a bari cikin ciyawa. A taro mai zuwa muna ba da shawara a duba ko za a ware wani abu daga asusu domin rancen asibiti da za a biya da kaka, a kuma sa ranar gayya ga gonar duk wanda aka tura birni. Magatakarda ya rubuta ranakun ganin likitan ciki na asibitin da ya fi kusa da ku a bayan littafin ƙungiya, tare da sunan mutum biyu da suka yarda su riƙa rakiya.